Yadda Ake Lissafi da Biyan Kuɗin Kwastan Idan Za a Sayo Tsohuwar Aska Daga Ƙasashen Waje

Wanzamai da masu shagon aski da masu tara kayan da suna ƙara neman tsofaffin asake a kasuwannin gwanjo na intanet irin su eBay da Etsy, musamman waɗanda aka ƙera a Shefil ta Ingila, da Solingen ta Jamus, da kuma rezojin Gillette na Amurka irin waɗanda ake murɗa gindinsu bakinsu ya buɗe. Farashin da mutum yake gani a shafin mai sayarwa kuwa ba shi ne kuɗin da zai kashe ba, domin akwai kuɗin dako, akwai kuɗin fito, akwai harajin VAT, sannan kamfanin da ya ɗauko kayan ma yana da nasa lada. Abin da sabon shiga bai cika ganewa ba shi ne, yawan abin da za a karɓa a hannunsa a Najeriya tun kafin ƙunshin ya bar hannun mai sayarwa ake ƙayyade shi, ta hanyar abin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikinsa. Saboda haka mafi yawan aikin da za a bayyana a nan kafin biyan kuɗin askar ake yin sa.

Abubuwan da za ka tanada

Kana buƙatar katin banki da ke biyan kuɗin waje, ko na asusun dala ko na naira wanda bankinka ya buɗe masa wannan ƙofa, tare da sanin iyakar abin da aka yarda ka kashe da shi. Kana buƙatar katin shaida mai ɗauke da sunan da zai zo a jikin ƙunshin harafi da harafi, da cikakken adireshi, da lambar wayar da ke kunne kullum. Ka buɗe wuri guda a wayarka ko kwamfutarka inda za ka riƙa ajiye hoton shafin tallar, da hotunan askar, da rasit, da shaidar fitar kuɗi daga banki, da duk saƙon da kuka yi da mai sayarwa. Daga ƙarshe ka sami hanyar shiga shafin Hukumar Kwastan ta Najeriya, inda ake ganin jadawalin kuɗin fito da farashin dalar da hukumar ke lissafi da shi. Wanda ba shi da katin da ke biyan kuɗin waje yana iya sa wani ɗan uwa ya biya masa, amma ya karɓi rasit ɗin da shaidar biyan a hannunsa, domin ranar da za a tambaye su ba a jiran a kira waya ƙasar waje.

Mataki na 1: Tantance irin askar da shekarunta

Kwastan ba sa aiki da sunan da 'yan kasuwa ke kiran kaya, da lamba suke aiki. A tsarin lambobin kaya na duniya, aska da reza suna ƙarƙashin 8212: ita kanta askar ko rezar mai ƙota tana 8212.10, fallayen reza suna 8212.20, sauran sassa kuma 8212.90. Burushin shafa kumfa yana 9603, dutsen wasa yana 6804. Kayan tarihi da suka haura shekara 100 suna da tasu lamba dabam, wato 9706.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar duk tsohon abu a matsayin kayan tarihi. Rezar Gillette da ake kira Fatboy tsakanin 1958 da 1961 aka ƙera ta, don haka a wurin kwastan reza ce kawai da aka yi amfani da ita. Idan ka kifa kanta za ka ga harafi guda a gefe ɗaya da lamba guda a ɗaya gefen: harafin D yana nufin 1958, E 1959, F 1960, G 1961, lambar kuma daga 1 zuwa 4 tana nuna rubu'in shekarar. Ka roƙi mai sayarwa ya ɗauko maka hoton wannan wuri kusa da kusa. Asake masu naɗewa na kamfanoni irin su Wade & Butcher ko Joseph Rodgers & Sons suna iya haura shekara 100. Ɗaya daga cikin alamomin da ake dubawa shi ne tambarin da ke wuyan ƙarfen: daga 1891 dokar Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da aka ƙera kayan da ake shigarwa can, saboda haka askar da aka buga wa sunan Shefil kaɗai ba tare da sunan ƙasar ba galibi ta girmi wannan shekara. A ganina, in dai ba askar mai tsada ce ƙwarai ba kuma kana da takardar da ke tabbatar da shekarunta, bari ta shigo a matsayin aska ya fi sauƙi, domin da'awar kayan tarihi tana jawo tambayoyin da ƙaramin ƙunshi ba ya buƙata.

Mataki na 2: Duba abin da aka yi ƙotar da shi

A nan ne ake asarar askar ɗungurungum, ba ƙarin kuɗi kawai ba, don haka kada ka yi gaggawar wucewa. Asake masu daraja na ƙarni na 19 da farkon na 20 da yawa an yi musu ƙota da hauren giwa ko da ɓawon kunkurun teku. Yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda Najeriya ke cikinta, ta haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun shawarar da aka yanke a 1989, kuma kunkurun da ake ɗebe wa ɓawon yana cikin jerin dabbobin da aka fi tsananta kariyarsu. Ingila ma ta kafa dokarta ta hauren giwa a 2018, ta fara aiki a watan Yunin 2022. Tsufan askar ba ya wanke ta kai tsaye, sai da takardar izini, kuma mai sayar da aska guda a gwanjo ba kasafai yake da ita ba. Ana iya ƙwace ƙunshin tun a ƙasar da ya fito, ana kuma iya ƙwace shi a Legas, ba kuma wanda zai mayar maka da kuɗinka.

Ga yadda ake rarrabewa a hoto. Ka nemi a ɗauki ƙotar a hasken rana, musamman bakinta da gefenta. Hauren giwa yana da siraran layuka masu giftawa da juna kamar saƙar raga, yana da santsi, ƙotarsa siririya ce, kuma sau da yawa ƙusoshinta ba su da zobe a gindinsu. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo da gajerun tsage baƙaƙe inda datti ya shiga ramukan jijiya. Robar da ake kira seluloyid, wadda aka riƙa kwaikwayon haure da ita, layukanta a miƙe suke a jere daidai wa daida, ba sa giftawa. Ƙahon sa ko na ɓauna baƙi ne ko ruwan zuma, kuma idan ya tsufa yakan yi ɓawo ko ya nuna cizon ƙwari. Ƙashi da ƙahon dabbar gida da katako da roba duk ba su da wannan matsala.

Idan askar ta kwanta maka a rai amma akwai shakka a kan ƙotar, mafita ita ce ka nemi mai sayarwa ya cire ƙotar ya aiko da ƙarfen kaɗai a naɗe da kwali mai kauri. Darajarta a wurin masu tarawa za ta ragu, amma ga mai son aski da ita ƙarfen ne abin nema, kuma maƙerin da ya iya aikin ƙaho zai yi mata sabuwa. Kada ka yarda da mai sayarwar da ya ce zai rubuta ƙashi alhali ya san haure ne, domin sunanka ne a jikin ƙunshin.

Mataki na 3: Yi lissafin kuɗin fito kafin ka yi tayi

Najeriya tana bin jadawalin bai ɗaya na ECOWAS mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari. Kayan amfanin yau da kullum da aka gama sarrafawa a matakin kashi 20 suke, don haka da shi za ka yi kasafi, sannan ka tabbatar da lambar 8212.10 a jadawalin ranar da za ka saya. Ba a kan farashin askar kaɗai ake ɗora kason ba, a kan jimillar farashi da kuɗin dako da inshora ne, wadda ake kira CIF. Wannan ne ya sa dako mai tsada yake cin mutum sau biyu.

Bari mu ɗauki misali. Ka sayi asake biyu a kan dala 380, dako da inshora dala 40, jimilla dala 420. A ƙaddara farashin kwastan na ranar naira 1,500 ne a kowace dala, wato kayan sun kama naira 570,000, jimillar kuma naira 630,000. Kuɗin fito na kashi 20 zai zama naira 126,000. Ana ƙara kashi 7 na shi kansa kuɗin fiton, naira 8,820. Akwai rabin kashi ɗaya na ECOWAS a kan jimillar, naira 3,150. Akwai kuɗin duba kaya na kashi 1 a kan farashin kayan ban da dako, naira 5,700. Sai a tara duk waɗannan da jimillar farko, a sami naira 773,670, a ɗora VAT na kashi 7.5, wanda ya kama kimanin naira 58,025. Abin da za ka biya gwamnati ke nan kimanin naira 201,695, kusan sulusin abin da ka kashe tun farko.

Akwai wani kaso na kashi 4 a kan farashin kaya da dokar kwastan ta 2023 ta tanada, wanda aka fara karɓa aka kuma dakatar har fiye da sau ɗaya a cikin 2025. A lokacin da yake aiki yana shiga ne a gurbin kashi 1 ɗin nan, kuma a misalinmu zai kai naira 22,800, don haka ka tambayi kamfanin dako wanne ne ke aiki a makon da kayanka za su iso. Dokar da nake bi mai sauƙi ce: a ware sulusin jimillar saboda gwamnati, a ƙara wani abu saboda ladan kamfanin dako, abin da ya rage daga kasafin bayan an cire kuɗin dako shi ne iyakar tayin da za a yi a gwanjo. Mai saye daga Nijar zai bi wannan tsarin lissafi, amma da kason ƙasarsa, inda VAT yake kashi 19.

Mataki na 4: Duba ko kayanka sun shiga rangwamen dala 300

Daga ranar 8 ga Satumba 2025, Hukumar Kwastan ta fara yafe kuɗin fito ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, waɗanda suka shigo ta kamfanonin dako na gaggawa ko a jakar matafiyi, har sau huɗu a shekara ga mutum guda. Mafi yawan tsofaffin rezoji da asake ba su kai wannan kuɗi ba, saboda haka mai sayen guda ɗaya ko biyu domin kansa zai iya tsira da kuɗinsa. Abin da ya fi aminci shi ne ka tsare jimillar duka, har da dako, ƙasa da dala 300, kuma ka riƙa ƙirga shigowar kayanka na shekara, domin takalmi ko wayar da aka aiko maka a baya ma suna cikin lissafin. Rangwamen bai shafi kayan da aka haramta ba, kuma bai hana a buɗe ƙunshi a duba ba. Kada kuma ka raba saye guda gida uku a aiko su rana ɗaya da suna ɗaya, domin hukumar ta yi gargaɗi a kan karkasa kaya da rage farashi don cin wannan rangwame. Wanda zai shigo da asake da yawa domin sayarwa ya fita daga wannan babi, ya shiga na 'yan kasuwa masu buɗe Form M a banki, wato takardar da ake cikewa kafin a shigo da kayan kasuwanci.

Mataki na 5: Zaɓi hanyar da kayan za su biyo

Hanyar gidan waya ta fi araha, tana ɗaukar makonni, kuma da kanka za ka je ka karɓa bayan jami'an kwastan sun duba. Kamfanoni irin su DHL da FedEx da UPS sun fi sauri, su ne kuma suke fitar da kayan daga hannun kwastan, amma suna ɗora ladansu na wannan aiki a kan takardar da za su miƙo maka. Ka tambayi mai sayarwa a kan wane sharaɗi zai aiko: DAP yana nufin kai za ka biya kuɗin fito idan kaya sun iso, DDP yana nufin an haɗa shi cikin abin da ka biya tun farko. Ka sa ya tabbatar kamfanin da zai bai wa yana ɗaukar kaya masu kaifi zuwa ƙasar waje, domin ba duka ne suke ɗauka ba.

Masu sayarwa da yawa ba sa aikowa Najeriya ko kaɗan. A nan ake amfani da kamfanonin da ke ba mutum adireshi a Amurka ko Ingila, su tara masa kaya su turo. Idan a Amurka ne, ka zaɓi adireshi a jihar da ba ta karɓar harajin saye, kamar Delawa ko Oregon, in ba haka ba za a ɗora maka harajin jihar a wurin biya. Idan a Ingila ko Jamus ne, kayan da aka kai adireshin cikin gida suna ɗauke da VAT ɗinsu na kashi 20 ko 19 in daga shago ne mai rajista, alhali shagon da ya aiko kai tsaye zuwa Najeriya yana iya cire shi. Mutumin da ke sayar da askar kakansa ba ya karɓar VAT, don haka babu abin da zai cire. In kuma wani matafiyi ne zai taho maka da ita, ya sa ta a babban akwati, ba a jakar hannu ba, ya kuma riƙe rasit.

Mataki na 6: Faɗa wa mai sayarwa abin da zai rubuta

Ƙunshin gidan waya yana ɗauke da ƙaramar takardar CN22 ko babbar CN23, na kamfanonin dako kuma yana tafiya da takardar farashi. Kada ka bar shi ya cike yadda ya ga dama. Ka aika masa saƙo ka nemi abubuwa biyar: bayani a fili cewa tsohuwar askar aski ce da aka yi amfani da ita, ta ƙarfe mai ƙotar ƙaho ko roba, adadin guda nawa, lambar 8212.10, ƙasar da aka ƙera ta, da ainihin farashin da ka biya, an ware kuɗin dako dabam. Ya sa kwafin rasit guda a ciki, guda a aljihun robar da ke waje. Kalma ɗaya tak irin wuƙa ko kayan tarawa tana sa a ware ƙunshi gefe, haka ma barin gurbin farashi babu komai yana bai wa jami'i damar ƙiyasta nasa.

Wasu masu sayarwa da kansu suke tayin rubuta kyauta ko su rage farashin zuwa dala 10. Ka ƙi. Laifi ne a dokar kwastan, jami'i yana iya duba irin askar a intanet cikin minti guda, kuma in ƙunshin ya ɓata inshora a kan abin da aka rubuta za ta biya. Ka kuma hana shi yi maka gyara da sabulun aski ko turaren bayan aski: sabulu yana cikin jerin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, turare mai sinadarin da ke kama wuta kuma jiragen dako suna ƙinsa. Ya shafa wa ƙarfen ɗan mai, ya naɗe askar yadda ba za ta buɗe ba, saboda lafiyar wanda zai duba ta da kuma tsatsar da zaman jira a damina ke jawowa.

Mataki na 7: Karɓa da biya

Ka riƙa bin lambar ƙunshin, kuma da ka ga ya shigo ƙasa ka sa ido a waya da imel, domin kamfanin dako zai nemi katin shaida da rasit. Ka aika a ranar, saboda kuɗin ajiya yana fara hawa bayan 'yan kwanaki. Idan takardar biya ta zo, ka nemi wadda ta rarrabe kowane kaso, ka ɗora ta a gefen lissafinka na mataki na 3, ka duba abubuwa uku: lambar kayan, darajar da aka sa, da farashin dala. Ka biya ta banki ko ta shafin kamfanin, ka karɓi rasit. Duk saƙon da ya ce ka tura kuɗin kwastan asusun wani mutum damfara ce. A gidan waya kuwa ka je da katin shaida da takardunka a buge, ka buɗe ƙunshin a gaban ma'aikaci, ka ɗauki hotonsa kafin ka sa hannu.

Mataki na 8: Idan kuɗin ya wuce lissafi

Galibi ɗayan biyu ne: ko an sa askar a lambar da ba tata ba, ko an ƙi yarda da farashin an yi ƙiyasi. Ƙa'idar ƙimanta kaya ta fara ne da kuɗin da aka biya da gaske, don haka hujjarka ita ce shafin tallar da rasit da shaidar banki, su uku suna faɗin adadi ɗaya. Ka rubuta wa kamfanin dako a takaice ka nemi a sake dubawa kafin ka biya, domin karɓo kuɗi bayan an biya ya fi wuya nesa ba kusa ba. In ba a warware ba, ana rubuta ƙorafi zuwa ga Kwanturolan shiyyar da kayan suke, da lambar ƙunshin da kwafin duk takardun. Sai dai ka auna bambancin da kuɗin ajiyar da ke taruwa kowace rana, in bai taka kara ya karya ba ka biya ka ɗauki askarka. Idan kuma askar ta iso da tsagewa ko ba ita aka nuna a hoto ba, mai sayarwa zai iya mayar da farashinta, amma kuɗin fito da ladan kamfani ba sa cikin abin da yake mayarwa, saboda haka ka nemi ragi daga gare shi da hotunan da ka ɗauka kafin ka yi tunanin aika ta baya.